'Grave': Kalmar Turancin da ɗalibai ke saurin kaiwa maƙabarta

A zangon da ya wuce na yi wa 'yan aji uku na babbar sakandare jarrabawar gwaji, irin wadda akan yi idan WAEC ta ƙarato. A labarin da suka karanta akwai wani direban tirela da ya kwana yana tuƙi, barci ya fara fizgarsa, yaron motarsa ya ce su tsaya, ya ƙi. Jimlar da ta biyo baya ita ce: "He made a grave mistake." Tambayar kuwa kun saba da irinta: a kawo wata kalma da za ta maye gurbin "grave" yadda aka yi amfani da ita a cikin labarin.

Da na zauna duba takardu sai na ga an cika mini su da "tomb" da "burial" da "cemetery". Wata ma "dead" ta rubuta. Bayan an raba takardu wani yaro, mai ƙoƙari ne kuwa, ya biyo ni ofishin malamai ransa a ɓace.

"Malam, ai grave kabari ne. Tun firamare haka muka sani. Kuma ai direban mutuwa ya yi a ƙarshen labarin."

Ba ƙarya ya yi ba. Kabari sunansa "grave" da Turanci, direban kuma ya mutu. Amma makin bai samu ba, kuma da a ainihin jarrabawar ne babu ofishin da zai bi wani ya yi ƙorafi. Amsar da ake nema ita ce "serious". Kuskure ne babba, mai mugun sakamako. Babu rami ko likkafani a cikin jimlar.

Har Kotun Ƙoli sai da ta yi bayani

Kada wanda ya taɓa faɗawa wannan tarko ya ji kunya, domin kalmar ta taɓa tsayar da manyan alƙalan ƙasar nan. A ranar 12 ga Janairun 2006 'yan majalisar dokokin Jihar Oyo su 18 daga cikin 32 suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja. Wani ɓangare na zaman nasu ma a wani otal na Ibadan suka yi shi, ba a zauren majalisa ba. Magana ta je kotu, ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda a watan Disambar shekarar ta tabbatar da cewa ba a bi ƙa'ida ba. Ladoja ya koma kujerarsa.

Ina ruwan kalmarmu da wannan rikici? Sashe na 188 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce laifin da ake tsige gwamna a kansa shi ne "gross misconduct", sannan ya fassara shi da cewa ya haɗa da "grave violation" na tsarin mulkin. Haka sashe na 143 ya faɗa game da shugaban ƙasa. Mai shari'a Niki Tobi, wanda ya rubuta babban hukuncin, ya tsaya a kan kalmar. Ya ce a wannan wuri ba ramin da ake binne gawa ake nufi ba, ana nufin abu babba, mai muhimmanci, mai nauyi. Ma'ana, ba kowane ɗan saɓa wa tsarin mulki ne ke isa a tumɓuke gwamna ba, sai wanda ya kai ya kawo. Kun ga kujerar gwamna guda tana rataye da sifa ɗaya mai harafi biyar. 'Yan ajin Gwamnati sai ku riƙe wannan.

Kalma biyu ce, rigarsu ce ɗaya

Abin da ke rikita ɗalibai shi ne suna ɗauka kalma ɗaya ce mai ma'ana biyu, sai su yi ta neman hanyar da ta haɗa su: wai abu mai tsanani shi ne mai kai mutum kabari. Hasashen yana da daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayansa ba. Kalmomi biyu ne da suka fito daga gida daban-daban, suka haɗu a rubutu da furuci. Mu ma muna da irinsu. Idan ka ga an rubuta "wuya", sai jimla ta gaya maka ko na sa sarƙa ne ko kuwa wahala. Haka "gari", ko na zama ko na tuwo.

"Grave" mai nufin kabari suna ne, kuma ɗan asalin Turanci ne tun na dā. Tushensa haƙa. Har yau Jamusawa suna ce wa kabari "Grab", haƙa kuma "graben". Daga wannan gida "engrave" ta fito, wato sassaƙa rubutu a jikin dutse ko ƙarfe, kamar yadda ake yi wa kofin gasa.

"Grave" ɗinmu ta yau kuwa sifa ce, kuma baƙuwa ce a Turanci. Kimanin shekara 500 ke nan da ta shigo ta hanyar Faransanci, Faransanci kuma ya gaje ta daga kalmar Latin "gravis". Ma'anar "gravis" ita ce mai nauyi, nauyi irin na buhun masara.

Hanyar rarrabe su a jarrabawa ba ta da wuya. Dubi abin da ke gaban kalmar. Idan wani suna ya biyo bayanta, kamar "grave danger" ko "grave error", aikin sifa take yi. Haka idan ta zo bayan "is" ko "was" ko "looked" ba tare da "a" ko "the" ba: "The situation is grave." Idan kuwa ita ce ke tsaye da ƙafarta, "they dug a grave", "his father's grave", to kabari ne. Sifar tana da "graver" da "gravest", sunan kuma jam'i yake da shi, "graves". Wanda zai iya kawo ruɗu shi ne irin su "gravestone" da "graveyard" da "gravedigger", amma waɗannan a haɗe ake rubuta su, kuma duk na maƙabarta ne.

Nauyi shi ne mabuɗin

A nan Bahaushe ya fi Bature sa'a. Yaron Landan sai an koya masa Latin kafin ya ga alaƙar tsanani da nauyi. Kai kuwa da ita ka tashi. Muna cewa magana ta yi nauyi, ba kowa zai iya faɗarta ba. Muna cewa jiki ya yi nauyi idan ciwo ya ci ƙarfin mutum. Muna jin nauyin surukai da malamai. Shugaba ya ɗauki nauyin jama'a, idan ya yi abin da ya kamata mu ce ya sauke nauyi. Babu sikelin da ke auna ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma duk mun san me ake nufi. To haka Rumawa suka yi da "gravis", haka Turawa suka karɓa.

Da zarar ka riƙe wannan, sai dangin kalmar su fara fito maka ɗaya bayan ɗaya. A ajin Fiziks kuna rubuta harafin g, kuna ba shi 9.8 ko ku ɗauke shi 10 idan tambaya ta ce haka. Wannan g ɗin farkon "gravity" ne, ƙarfin da ke jawo mangwaro ƙasa, wanda Isaac Newton ya shimfiɗa dokarsa a 1687. Amma tun kafin Newton kalmar tana nufin nauyi da kwarjini, kuma har yau alƙali yakan ce "the gravity of the offence", wato girman laifin. Ita ce sunan da ke tafiya da sifarmu. Idan aka ce ka mayar da "grave" suna, "gravity" ake so.

Sai "aggravate", ƙara wa abu nauyi, wato tsananta shi. Sai "grief", baƙin cikin da ke danne ƙirji, da "grieve", da "grievance", da "grievous". Wadda ta fi burge ni ita ce ta asibiti. Duk wadda ta taɓa raka mahaifiyarta ko yayarta awon ciki za ta iya ganin harafin G da lamba a jikin kati. "Gravida" ke nan, mai juna biyu, a zahiri mai ɗauke da nauyi, lambar kuma tana nuna ciki na nawa ne. Mu kuma me muke ce mata? Allah Ya sauke ki lafiya. Ranar suna a ce ta sauka. Tunani ɗaya ne, harshe ne ya bambanta.

Ko "guru" da kuke kiran wanda ya fi kowa iya lissafi a aji, ɗan uwan "gravis" ne na nesa. Daga Sanskirit, tsohon harshen Indiya, ta fito, kuma asalin ma'anarta mai nauyi, daga nan ta zama malamin da ake jin nauyinsa. Akwai kuma masu kama da dangi alhali ba dangi ba ne: "gravel" tsakuwa ce, ba ruwanta da wannan gida. Cutar nan ta maƙoshi mai suna "Graves' disease" ita ma ba daga tsanani ko kabari ta samo suna ba. Sunan wani likitan ƙasar Ayalan ne, Robert Graves, wanda ya yi bayaninta a 1835.

Abokan tafiyarta

Sanin ma'ana rabin aiki ne. Ragowar shi ne sanin wuraren da kalmar ke zama da inda ba ta zama, kuma a nan ne masu haddar ƙamus ke tuntuɓe. Ƙamus zai ce maka "grave" daidai take da "serious". Gaskiya ne, amma hanyar mai zuwa ce kawai, ba ta dawowa. Kusan duk inda ka ga "grave" za ka iya cire ta ka sa "serious". Ba duk inda ka ga "serious" ne za ka iya sa "grave" ba.

Ɗalibi mai maida hankali ga karatu "serious student" ne. Idan ka kira shi "grave student" ka ce fuskarsa a murtuke take kamar mai zaman makoki. Abokinka ya faɗi abin mamaki ka ce "Are you serious?", wato da gaske kake? Babu mai cewa "Are you grave?". Wannan "siriyas" da ta riga ta shige bakinmu, "kai ba ka siriyas", ba ta da hanyar komawa "grave" ko kaɗan.

Kalmomin da "grave" ta saba tafiya da su ba su da yawa, kuma gara a haddace su a haɗe maimakon ɗai-ɗai. Akwai na haɗari: "grave danger", "grave risk", "grave threat". Akwai na kuskure da zalunci: "grave mistake", "grave error", "grave injustice", "grave offence". Akwai na abin da ke cikin zuciya: "grave concern", "grave doubts". Akwai na abin da zai biyo baya: "grave consequences". Ku lura da abin da ya haɗa su. Duk abubuwa ne marasa daɗi, kuma duk suna sa mutum fargabar abin da ke tafe. Ba a cewa "grave success" ko "grave joy". Nauyin nan kullum na damuwa ne.

Idan aka jingina ta ga mutum ko fuska ko murya, sai ta koma nufin rashin fara'a saboda akwai magana babba. "The doctor came out with a grave face." Duk wanda ya taɓa jira a ƙofar ɗakin tiyata ya san wannan fuskar, kuma ya san abin da cikinsa ke yi idan ya gan ta. Bayanau ɗinta "gravely" ne: "gravely ill", rashin lafiyar da ake tsoron ba za a tashi ba, "gravely mistaken", wanda ya yi mummunan kuskuren fahimta.

Maƙwabtanta fa? "Severe" ta fi zama da abin da jiki ke ji kai tsaye ko abin da aka ɗora wa mutum: "severe headache", "severe drought", "severe punishment". Ciwon kai ba ya zama "grave", ruwan sama ma haka, shi "heavy rain" ne, duk da cewa nauyin ne dai. Harshe ba lissafi ba ne, wani abin sai dai a saba da shi. "Critical" tana nuna an zo gaɓar da abu zai faɗa ko nan ko can, shi ya sa asibiti ke cewa "critical condition". "Fatal" kuwa aikin gama ya gama, an rasa rai. Da yaron nan "fatal" ya rubuta mini, da mun zauna mun yi muhawara, tunda direban ya mutu. Duk da haka da na ce masa "grave" ba ta yi alƙawarin mutuwa ba. Mutum yana iya shiga "grave danger" ya fito lafiya ƙalau. Ba ya yin "fatal accident" a ce kowa ya tsira.

Dabara biyu don ranar jarrabawa. Ta farko, kalmar da za ka kawo ta zauna daram a gurbin: sifa a madadin sifa. Idan "gravely" aka ja wa layi, "seriously" za ka rubuta, "serious" faɗuwa ce. Mayar da amsarka cikin jimlar ka karanta a zuci kafin ka wuce. Ta biyu, kada ka jera amsa biyu kana fatan mai dubawa ya zaɓar maka. Idan ɗaya daidai ce ɗaya kuskure, makin ya tafi. A ɓangaren zaɓi kuwa, idan kishiyarta aka nema, nemi irin su "trivial" ko "minor" ko "slight". In fuska ake magana, "cheerful".

Inda kalmar ke da haƙora

Na ce "grave" ba ta zama ko'ina. Wurin da ta fi zama shi ne bakin lauyoyi da jami'an diflomasiyya, kuma a can ba ado ba ce. Kundin hukunta laifuka na Arewa na 1959, wanda aka fi sani da Final Kod, ya ce a sashe na 222 kisan kai ba ya jawo hukuncin kisa idan wanda ya yi shi ya fita hayyacinsa ne sakamakon "grave and sudden provocation", wato tunzurawa mai tsanani wadda ta zo ba zato. Dole sharuɗɗan biyu su haɗu. Lauyoyi kan kwashe kwanaki suna jayayya a kan ko tunzurawar ta kai a kira ta "grave", domin amsar ce ke raba igiya da gidan yari.

A dokokin yaƙi ma haka. Yarjejeniyoyin Janeba guda huɗu na 1949 sun ware wasu laifuka suka kira su "grave breaches", irin su kashe fursunan yaƙi ko farar hula da gangan da azabtarwa. Ƙasashen da suka sa hannu sun ɗauki alƙawarin neman masu irin wannan laifi su gurfanar da su ko 'yan wace ƙasa ne.

Wadda ta fi shafar ku ita ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai abubuwa shida da take kira "six grave violations" a kan yara a lokacin yaƙi: kashe su ko nakasa su, sa su aikin soja, cin zarafinsu ta hanyar lalata, sace su, kai hari makarantu ko asibitoci, da hana kayan agaji isa gare su. A 2005 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1612 wanda ya kafa tsarin bibiya da kai rahoton waɗannan laifuka, kuma duk shekara Babban Sakatare yana fitar da rahoto mai ɗauke da sunayen rundunoni da ƙungiyoyin da aka samu da laifi. Harin makarantu da asibitoci ya shiga jerin abin da ke sa a rubuta sunan ƙungiya a 2011. Satar yara kuwa sai a watan Yunin 2015, shekara guda da 'yan watanni bayan sace ɗalibai mata 276 a Chibok a Afrilun 2014. Saboda haka idan kuka ji a labarai an ce Majalisar ta bayyana "grave concern", kalma ce da aka auna kafin a furta. A harshen diflomasiyya "concern" kawai daban, "grave concern" daban.

Wannan ne ya sa nake jan layi ja idan na ga ɗalibi ya rubuta wa abokinsa wasiƙa yana cewa ɓatan bironsa "a grave problem" ne. Na san dalili: an gaya muku manyan kalmomi na jawo maki. Ba sa jawowa sai sun dace da wurin. Babbar riga ce aka sa za a je buga ƙwallo. A wasiƙar aboki "serious" ko "big" sun wadatar. Ajiye "grave" sai wasiƙar da za ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma kan rufin ajinku da ya tsage yana shirin ruftowa kan mutum saba'in, ko muhawara kan shaye-shaye. A nan idan ka ce "pupils are in grave danger", kalmar ta sami abin ɗauka.

Masu darasin Faransanci su yi hattara ta wani gefen. A Faransanci "grave" kalmar yau da kullum ce. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da ka taka wa ƙafa zai ce maka "c'est pas grave", wato ba komai. Kada ka kwaso wannan ka ce wa Bature "it is not grave". Shi "never mind" ko "it doesn't matter" zai ce.

Ɗan layin da ke kan wasali

Akwai wata "grave" da kuke gani ba ku san sunanta ba. Ɗan layin nan mai gangarowa daga hagu zuwa dama a kan wasali, kamar na "père" da "mère" a Faransanci, sunansa "grave accent". Tsofaffin Girkawa da Rumawa suna kiran sautin da ya yi ƙasa mai nauyi, shi ya sa alamar ta sami sunan. Masana Hausa ita suke ɗorawa don nuna karin sauti na ƙasa. Buɗe ƙamusun Hausa mai nuna karin sauti za ka ga wuyà na jiki da alamar a ƙarshe, wùya ta wahala da ita a farko. Idan wannan alama ake nufi, Turawa da yawa sukan ja wasalin su ce "graav".

A sauran wurare furucinta ɗaya da "save" da "brave" da "wave", abin da ke da amfani a takardar gwajin furuci. Amma "gravity" wasalinta gajere ne, irin na "cat". Matsalarmu ita ce harafin v, wanda babu shi a Hausa, sai mu mayar da shi b, mu kuma cusa wasali tsakanin g da r, kalma ta koma "gireb". Ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka bar iska ta fita da ƙara. Idan leɓɓanka biyu suka haɗu, b ka yi.

Shi kuwa yaron nan da ya biyo ni ofis, daga baya na nuna masa wuri ɗaya da hasashensa ke da madafa. A wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna Romeo and Juliet akwai Mercutio, abokin Romeo, mutum mai barkwancin da bakinsa ba ya shiru. A fitowa ta farko ta kashi na uku Tybalt ya soke shi da takobi. Yana cikin jini, ya san ba zai kwana ba, amma sai da ya yi wasa da wannan kalma: ya siffanta kansa na gobe da ita, ta yadda mai sauraro zai ji ma'ana biyun a lokaci guda, cewa gobe zai zama mutum mai kamun kai wanda ya daina raha, kuma gobe yana cikin kabari. Yaron ya karanta wurin sau biyu, ya ɗago ya ce, "To Malam, a nan ai da na ci rabin maki."